Bin Sawun Sunan Rakkah: Daga Urushalima Zuwa Tarabulus da Kano

Karatu: Ezra 2:59-63, Nehemiya 3:8, 7:5, 61-65, Titus 3:9

Gabatarwa

Akwai surori a cikin Littafi Mai Tsarki waɗanda da yawa daga cikinmu mukan tsallake sa'ad da muke karatun safe, wato surorin jerin sunaye: wane ya haifi wane, wane kuma ya haifi wane. Surori tara na farkon 1 Tarihi, da Ezra 2, da Nehemiya 7, da farkon Bisharar Matiyu duk irin waɗannan ne. Amma ga Yahudawan da aka rubuta wa su, gādon mutum da aikinsa da matsayinsa a cikin jama'a duk a kan waɗannan sunaye suke rataye. A wannan darasi za mu duba yadda Yahudawa suke adana asalinsu, mu bi sawun sunan gida guda ɗaya wanda ya iso har Kano, sa'an nan mu ga abin da iyalanmu da ikkilisiyoyinmu na Hardawa da Azare da Katagum za su koya.

Ranar da aka nemi takarda

A shekara ta 538 kafin haihuwar Almasihu, Sairus sarkin Farisa ya ba Yahudawan da suke bauta a Babila izinin komawa ƙasarsu. Ezra 2 ya lissafta waɗanda suka komo gida gida, jimillarsu 42,360. A ƙarshen jerin aka ware waɗansu mutane 652 da suka kasa nuna gidan kakanninsu. Abin ya fi tsanani ga gidajen firistoci uku, wato na Habaya da Hakkoz da Barzillai. Aka nemi sunayensu a littafin asali, ba a samu ba, sai aka dakatar da su daga aikin firist, aka kuma hana su cin abinci mafi tsarki. Rashin layi ɗaya a takarda ya raba su da aikinsu da abincin bakinsu.

Mu lura da abubuwa uku a nan. Na fari, Barzillai ba sunan gidan ubansa yake amsawa ba. Ya auri wata daga zuriyar Barzillai mutumin Gileyad, wanda ya ciyar da sarki Dawuda lokacin tawayen Absalom, sai aka riƙa kiransa da sunan surukansa. Ashe tun a wancan zamani suna yakan bi ta wajen mace. Na biyu, inda Ezra 2:60 ya ce 652, Nehemiya 7:62 ya ce 642. Jeri ɗaya ne aka kwafa sau biyu, shi ya sa mai bincike ba ya tsayawa a kan kwafi guda. Na uku, a Ezra 8:33 an ga Meremot ɗan Uriya firist yana karɓar azurfa da zinariyar Haikali, Nehemiya 3:4 kuwa ya nuna cewa shi jikan Hakkoz ne. Masana da dama sun fahimci cewa daga baya gidan Hakkoz ya tabbatar da asalinsa, aka mayar da shi bakin aiki.

Yadda Yahudawa suka sami sunan gida

Shekaru aru-aru Bayahude da sunansa da na ubansa ake kiransa, kamar yadda Yesu ya kira Bitrus Saminu ɗan Yunana. Haka Bahaushe ma yake yi. Sai da makarantar boko ta zo aka bukaci suna na biyu a rajista, yara da yawa suka ɗauki sunan garinsu. Ta haka aka sami Aminu Kano, da Shehu Shagari, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Sule Katagum.

Yahudawan Andalus da na Arewacin Afirka sun riga 'yan'uwansu riƙe sunan gida. Da aka kore su daga Sifen a 1492, sun tafi da sunayensu Maroko da Italiya da ƙasashen daular Usmaniyya. Yawancin Yahudawan tsakiya da gabashin Turai kuwa hukuma ce ta tilasta musu, saboda haraji da ɗaukar soja: Ostiriya a 1787, Rasha a 1804, Faransa a 1808, Furushiya a 1812. Don haka wanda yake bin sunan wani gida na can yakan iske sawun ya ɓace da zarar ya wuce waɗannan shekaru.

Sunayen sun kasu kashi huɗu. Akwai na gari, kamar Toledano daga Toledo, da Alfasi daga Fas. Akwai na sana'a, kamar Haddad, wato maƙeri, da Sabbag, wato marini, da Dayan, wato alƙali. Akwai na aikin Haikali, wato Kohen ga zuriyar Haruna da Lewi ga Lawiyawa. Akwai kuma na kaka, inda ake sa "ben", wato ɗa, a gaban sunan. Wani sunan gari ma ya shafi tarihin Kano, shi ne Tuwati. Yahudawan Tuwat, a kudancin Aljeriya ta yau, sun watse wajen 1492 bayan da Shehu Magili ya ja gaba aka rushe majami'arsu a Tamantit. Shi ne malamin da ya zauna a Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Har yau akwai iyalan Yahudawa masu amsa sunan Tuwati, suna ɗauke da sunan garin da kakanninsu suka bari.

Sunan Rakkah

Ibrananci, kamar ajami marar wasali, da baƙaƙe ake rubuta shi. Sunan da muke bi baƙaƙe uku ne: r, ƙ, h. Su ne saiwar kalmar da take nufin mai haɗa turare da man shafawa. A Nehemiya 3:8, Hananiya wanda ya gyara wani sashe na garun Urushalima daga cikin masu yin turare yake, kalmar da aka kira su da ita kuwa ita ce jam'in "rakkah". Saiwar nan ce kuma take cikin Fitowa 30:25, inda aka yi maganar haɗa man keɓewa.

Mutumin da ya kafa wannan suna a Tarabulus ta Libiya shi ne malam Mas'ud Hai Rakkah. An haife shi a Izmir ta ƙasar Turkiyya a 1690, ya koma Urushalima da zama. Jama'ar Yahudawan birnin suka aike shi ƙasashen waje neman taimako, kamar yadda Manzo Bulus ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima. Ya rubuta sharhi a kan littafin shari'a na Musa ɗan Maimun, ya sa masa suna Ma'aseh Rokeah, ma'ana aikin mai yin turare, domin sunan littafin ya yi nuni ga sunan gidansu. An buga kashi na farko a birnin Benis na Italiya a 1742. A 1749 ya isa Tarabulus, jama'ar wurin suka roƙe shi ya zauna ya zama babban malaminsu. Ya buɗe makaranta, ya koyar har rasuwarsa a 1768.

Sauran littafin ya zauna a rubuce da hannu kusan shekara ɗari bayan rasuwarsa. Abraham Hayyim Adadi, wanda ya rayu daga 1801 zuwa 1874, shi ya buga kashi na biyu a Liborno a 1862. Yakubu Rakkah, wanda ya rayu daga 1800 zuwa 1891, ya buga na uku a 1863. Na huɗu sai a 1964 ya fito a Urushalima. Dukansu biyu zuriyar Mas'ud ne, amma ɗaya ne kawai yake amsa sunan. Kakan Adadi, wato Natan Adadi, almajirin Mas'ud ne wanda ya auri 'yarsa. Wanda ya bi sunan Rakkah kaɗai zai bar reshe guda na zuriyar a baya bai sani ba.

Hanyar Tarabulus zuwa ƙasarmu

Tarabulus ba baƙon suna ba ne ga kakanninmu. Ayarin raƙuma yakan taso daga can ya ratsa hamada zuwa Barno da Kano da hajar Turai, ya koma da ƙiraga da hauren giwa da gashin jimina. Gidajen kasuwancin Yahudawan Tarabulus, irin su Arbib da Nahum, suna cikin masu zuba jari a wannan fatauci. Ta wannan hanya Clapperton da likita Oudney suka biyo, suka sauka a Katagum a watan Janairu 1824. A cikin ayarinsu akwai wani Bayahude mutumin Jibralta mai suna Jacob, wato Yakubu, mai kula da kayansu. Oudney ya rasu a Murmur jim kaɗan bayan sun bar Katagum, Clapperton ya wuce Kano da Sakkwato. Labarin tafiyar ya fi kiran Yakubu da sunan yanka da kabilarsa kawai, kamar yadda aka saba yi wa bara a rubutun masu gida. Ta irin wannan hanya ce sunan gidan talaka yake salwanta.

Shekarar 1911 ta juya al'amura. Italiya ta kama Tarabulus, layin dogo kuma ya iso Kano. Fataucin hamada ya ja da baya, gyaɗa ta hau kujera. Daga cikin 'yan kasuwar Tarabulus da suka kafu a Kano a zamanin gyaɗa akwai wani Bayahude mai suna Saul Raccah, mai kamfanin S. Raccah. A shekarun 1930 ya yi gogayya da manyan kamfanonin Turawa, har da UAC wanda aka kafa a 1929, wajen sayen gyaɗa da fitar da ita waje. Masanin tattalin arziki P. T. Bauer ya kawo labarinsa a littafinsa na 1954 a kan kasuwancin Afirka ta Yamma, domin nuna yadda gasar masu saye take ɗaga wa manomi farashi. A wancan zamani manoman ƙasar Katagum da Misau, waɗanda gyaɗarsu take ƙarewa a dalar Kano, suna cikin waɗanda farashin Kano yake taɓa aljihunsu.

Mai karatu zai ga harufan sun sāke: Rakkah ya zama Raccah, bisa ga ƙa'idar rubutun Italiyanci. A Italiya kanta akan rubuta Racah, kamar sunan Giulio Racah, masanin kimiyya da aka haifa a Fulorens a 1909, ya koyar a Jami'ar Ibraniyawa ta Urushalima daga 1939, ya rasu a 1965. A gabashin Turai kuma akwai Rokeach, sunan gidan shugabannin addini na garin Belz a ƙasar Yukren. Saiwar kalma ɗaya ce, amma kama da wane ba wane ba ne. Ƙa'idar masu binciken asali ita ce, gari ɗaya da suna ɗaya alama ce ta inda za a fara tono. Kafin a ce wane jikan wane ne, dole a ɗaura kowane ɗa da ubansa da takarda, tsara bayan tsara, ba tare da tsallake ko ɗaya ba.

Takardun da ake dubawa

1. Takardar aure, wadda suke kira ketuba. Tana ɗauke da sunan ango da ubansa, amarya da ubanta, da gari, da rana, da shaidu biyu. Takarda ɗaya takan haɗa gidaje biyu da tsara biyu.

2. Littafin mai kaciya. Ana yi wa ɗa namiji kaciya a rana ta takwas, kamar yadda Luka 2:21 ya nuna game da Yesu. Masu kaciya da yawa sukan rubuta sunan yaro da na ubansa da ranar. Inda babu rajistar haihuwa, wannan littafi yakan maye gurbinta, sai dai 'ya'ya mata ba sa ciki.

3. Dutsen kabari. Akan rubuta sunan mamaci da na mahaifinsa da ranar rasuwa da lissafin shekarun Yahudawa. Domin a sami shekarar miladiyya sai a debe 3760: shekarar 5528 ita ce 1768. Tun da shekararsu a Satumba ko Oktoba take kamawa, daga nan zuwa ƙarshen Disamba 3761 ake debewa. Sau da yawa ba a rubuta dubban, sai a ga 528 kawai.

4. Littafin jama'a, wato finkas, inda majami'a take rubuta haraji da gudummawa da shari'u da sunayen shugabanni.

5. Gabatarwar littattafai. Mai buga littafin kakansa yakan bayyana dangantakarsa da shi, malaman gari kuma su sa hannu.

6. Takardun hukuma: ƙidaya, fasfo, jerin fasinjojin jirgin ruwa, rajistar kamfani, da rajistar makarantun ƙungiyar Alliance da aka kafa a Faris a 1860. Ga wanda ya zauna a Arewa a zamanin Turawa, Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna shi ne wurin fara nema.

Ba a banza Yahudawan Libiya suka ɗauki wannan aiki da zafi ba. Bayan tarzomar Tarabulus ta 1945, fiye da 30,000 suka ƙaura zuwa Isra'ila tsakanin 1948 da 1951. Kusan dukkan ragowar suka fice a 1967, yawancinsu zuwa Italiya. A mulkin Gaddafi, wanda ya fara a 1969, aka rushe maƙabartunsu aka yi gini a kai. Duwatsun kabari suka tafi, abin da ya tsira shi ne abin da mutane suka ɗauka a akwati da abin da aka riga aka buga. Suna da gidan tarihinsu a garin Or Yehuda. A Urushalima kuma cibiyar Yad Vashem, wadda aka kafa a 1953, ta tattara sunayen miliyoyin Yahudawa daga cikin miliyan shida da 'yan Nazi suka hallaka.

Tarkuna huɗu

Tarko na farko shi ne maimaita suna. Yahudawan Arewacin Afirka sukan sa wa yaro sunan kakansa tun kakan yana da rai, sai a sami jikoki uku ko huɗu masu suna ɗaya a gari ɗaya. Mu ma mun san wannan, shi ya sa gidajenmu suka cika da Abba da Baba da Ummi, sunan yanka kuwa ya ɓuya.

Na biyu shi ne ƙarin suna. "Hai" da ke cikin sunan Mas'ud ma'anarsa rayayye, akan ƙara shi domin fatan tsawon rai, wani lokaci bayan ciwo mai tsanani. Mutum ɗaya zai iya fitowa da shi a wata takarda, babu shi a wata. Haka Ajuji ko Ayashe kan zama wani suna dabam a rajistar baftisma.

Na uku shi ne hannun baƙo. Bature da ya rubuta Sakkwato "Sackatoo" ba zai bar sunan mutum lafiya ba. Sai a nemi suna da kowace irin rubutawa da za ta yiwu.

Na huɗu, wanda ya fi haɗari, shi ne son zuciya. A ƙasarmu akwai masu cewa kabilarsu daga Isra'ila ta fito don kawai wata kalma ta yi kama da Ibrananci. Sunaye irin su Musa da Haruna da Dauda da Yakubu ta hanyar Larabci da littattafan addini suka shigo mana, ba shaidar jini ba ne. Gwajin ƙwayoyin halitta ma, wanda binciken 1997 ya nuna da shi cewa masu amsa sunan Kohen da yawa sun haɗa kaka ta wajen uba, yana nuna dangantaka ne kawai, ba ya faɗin sunan kakan kowa.

Abin da ya shafe mu

Bulus ya gargaɗi Timoti da Titus a kan gardamar asali marar iyaka, Yahaya Maibaftisma kuma ya tsauta wa masu taƙama da cewa Ibrahim ne ubansu. Abin da aka hana shi ne fahariya da jayayya, gama Matiyu da Luka da kansu sun rubuta asalin Yesu. Asali ba ya ceton kowa, ba ya kuma zama dalilin raina kowa. A nan ya kamata mu binciki bakinmu: kiran mutum "Bayahude" don a ce masa mugu ko mai wayo zagi ne ga kabilar da annabawa da manzanni da Ubangijinmu kansa suka fito daga cikinta. Bai dace da mu ba.

Sa'an nan mu tuna da gidajen firistocin nan uku. Yau ma akwai gwauruwar da take rasa gādo saboda babu shaidar aure, da maraya da aka ƙwace wa gona saboda dattijon da ya san iyaka ya rasu, da ɗalibin da ya rasa gurbin karatu saboda takardar shaidar ƙaramar hukuma. Gara da ɗigon ruwa da gobara da rikici sun cinye rajistar ikkilisiyoyi da yawa. Rigakafi kuwa ya fi magani. Ga shawarwari:

Kowane magidanci ya sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ya zauna da tsofaffin gida tun suna da rai. Ya rubuta sunan yanka da laƙabi da sunan baftisma na kowa, da sunayen iyaye mata da garuruwansu. In ba a san shekara ba, a ɗaura ta da abin da kowa ya sani, kamar komawar sarautar Katagum zuwa Azare a 1916, ko samun 'yancin kai a 1960, ko farin 1973. A raba abin da takarda ta nuna da abin da aka ji a baki, a kuma rubuta wanda ya faɗa.

Kowane magatakardan ikkilisiya ya cika rajistar baftisma da aure da jana'iza da cikakkun sunaye. A ajiye su a akwatin ƙarfe, a ɗauki hoton kowane shafi, a kai kwafi ofishin gunduma. Nehemiya ya iya tsara jama'ar Urushalima ne domin wani da ba a faɗi sunansa ba ya rubuta jerin, wani kuma ya adana shi har kusan shekara 90.

Tambayoyi domin nazari

1. Me ya sa aka dakatar da gidajen Habaya da Hakkoz da Barzillai, me kuma labarin Meremot yake koya mana?
2. Me dangantakar Adadi da Rakkah ta nuna game da rubuta sunayen 'ya'ya mata?
3. Ina bambanci tsakanin adana asali da gardamar asali da Titus 3:9 ya hana?
4. Kakanni nawa za ka iya lissaftawa ta wajen uba da ta wajen uwa? Wane dattijo za ka ziyarta a wannan wata?
5. A ina rajistar ikkilisiyarku take a yau, wa kuma yake lura da ita?